Kaka Hermelinda Ta Koyi Fatsa Saboda Biza

"Lafiya lau na kwana, tunda ban yi mafarkinka ba," in ji Kaka Hermelinda, ko ɗago kai ba ta yi ba daga ɓerayen Masar ɗin da take zuba wa ciyawa. "Shigo mana, ka toge a bakin ƙofa kamar wanda aka aiko faɗin mutuwa."

"Ai mutuwar na zo dubawa," in ji Kléber. "Tun daga kan hanya ban ga hayaƙi a gidan ba, na ce shi ke nan, tsohuwa ta cika, bari in yi sauri in ɗauke rediyon kafin dangi su taru."

"Rediyon ya fi ka daraja. Shi in na murɗa masa kunne yana yin shiru."

Kléber jikanta ne, ɗan 'yarta Narcisa. Ko makaranta bai shiga ba uwar ta tafi Amurka neman rufin asiri, ta bar shi a hannun Hermelinda a ƙauyensu da ke kan tudu saman garin Biblián. Yanzu ga shi har da gemu, yana jan a-kori-kura tsakanin ƙauyen da kasuwar Azogues, uwar kuwa tun daga wancan lokaci sai dai a waya. Bana Narcisa ta matsa lallai tsohuwar ta je ta gan su, aka kuwa sa mata ranar ganawa da masu ba da biza a birnin Guayaquil, Talata mai zuwa. Tun da aka sa ranar nan Hermelinda ta daina cin abincin kirki. Kléber ya lura faffaɗan siket ɗinta ya fara juyawa a ƙugu, ya lura tukunyar dafaffiyar masara tana kwana yadda ta wuni. Bai ce komai ba, don ya san halin kayarsa: duk wanda ya nuna mata tausayi, zagi zai kwasa har da guzuri.

Yau Asabar ya zo da wani dogon abu naɗe cikin takarda, ya jingina shi da bango.

"Saƙona ne?" in ji ta.

"Shi ne. Mai shagon ya tambaye ni yaron da zan saya wa babba ne ko ƙarami. Na ce ai yarinya ce, haƙoranta ma ba su gama fitowa ba."

"Haƙorana suna cikin kofi, kuma ko a can sun fi naka fari. Kwance in gani."

Ya warware takardar. Sandar fatsa ce siririya mai sheƙi, da ɗan ƙwarƙwaron naɗe zare a gindinta, da ƙugiyoyi cikin leda. Hermelinda ta goge hannu a jikin siket, ta karɓa, ta jujjuya ta, ta lanƙwasa kan ta saki.

"Na aike ka sandar kama kifi, ka kawo mini tsinken sakace."

"Tsinken sakace ga wadda ba ta da abin sakacewa? Ban kai nan da mugunta ba."

"Wannan ko kaza na buga wa dariya za ta yi mini. Da na sani da na aiki kare."

"Karen ma ya ce ba ya zuwa, wai aikenki ba lada sai baƙar magana. Ni dai Kaka gaya mini gaskiya. Jiya da kika kira ni ina tuƙi kika ce in sayo sandar fatsa, na ɗauka kunnena ne ya lalace. Ke da ko a kasuwa kike toshe hanci in kin zo layin masu kifi. Wa ya yi miki wannan aikin?"

Hermelinda ta ja kujera ta zauna, ta ɗora sandar a cinya kamar jinjiri.

"Uwarka ce. Ta ce in suka tambaye ni me zan je yi, in ce zan ga 'yata da jikokina, kuma mijinta zai kai mu bakin tafki kamun kifi. Wai a can Minnesota ɗin tasu tafki ya fi mutane yawa, kowa da sandarsa."

"To sai ki faɗi haka. Ina wahalar?"

"In faɗi haka alhali ban taɓa kama ko ɗan tsako a ruwa ba? Rosenda ta ce gilashin da ke tsakaninka da Baturen da ke ba da biza ba gilashi ba ne kawai. Akwai na'ura a ciki. Kana yin ƙarya sai ta kawo ja ta ɓangarensa."

Rosenda maƙwabciyarta ce, wadda iyakar tafiyarta a duniya birnin Cuenca, amma babu abin da ba ta sani ba game da Amurka.

"Rosenda da ta ce in ka ci lemo da madara za ka mutu?"

"Ai ba ta ce yaushe ba. Ni dai ba zan tsufa in je in yi wa sa'an ɗan cikina ƙarya ta cikin gilashi ba."

"Kaka, ke fa ce kika gaya wa Fada shekarunki a bikin cocin bara, har ya cire tabarau ya sake dubanki."

"Wannan ba ƙarya ba ce, ragi ne."

"To ki ce ziyara kawai za ki je, ki zauna ki huta."

"Ka ji wawa. Rosenda ta ce ba sa son mai zama, zai cinye musu abinci. Ba sa son mai aiki, zai ƙwace musu aiki. Mai kamun kifi kuwa ba zama yake ba, ba aiki yake ba. Shi suke so."

Sai a lokacin idon Kléber ya kai ƙarshen tsakar gida, inda aka rataya manyan barguna biyu a kan igiyar shanya, aka danne gefunansu da duwatsu. Wata kaza tana leƙowa daga ciki.

"Wancan fa? Haya kika ba kaji?"

"Tanti ne. Uwarka ta ce in sun je tafkin a tanti suke kwana. Jiya da rana na gwada."

"Yaya kika ji?"

"Bayana ya ce bai yafe ba. Mutum da gadonsa da rufinsa, ya bar su ya je ya kwanta a ƙasa kamar wanda aka kora, wai shaƙatawa. Har da hawan dutse fa suke yi, wai don nishaɗi, da takalma na musamman. Ni da tun ina yarinya kullum sai na hau dutsen nan da buhu a baya kafin in ga ƙofar gidanmu. Ashe duk rayuwata shaƙatawa nake yi, ba wanda ya gaya mini."

"Kin gani, wannan ɗaya kin ci. Saura kifin."

"Tashi mu je, kafin ka fara neman abinci."

Ashe ta riga ta shirya. Tun da safe ta tono tana a bayan lambu ta cika gwangwani. Ta yafa mayafin ulunta, ta kifa farar malafarta, ta saɓa sandar a kafaɗa kamar soja. Kléber ya bi ta da gwangwanin, suka gangara ta cikin gonar masara zuwa rafin da ke ƙasan ƙauyen, inda ruwan ke zubowa daga kan duwatsu da sanyin da ke sa haƙori amsawa.

"Yauwa," in ji Kléber da suka isa. "Da farko ana soka tanar a ƙugiya, kamar haka."

"Kamar haka ɗin ne ka soki yatsanka? Ba ni nan. Na yi shekaru ina zura zare a allura kafin a san za a yi kuskuren haihuwarka." Ta soke tanar cikin ƙiftawar ido. "Wai kai ma a ina ka koya?"

"A waya. Jiya na kalli wani mutum yana yi."

"Shi ya kama?"

"Katina ya ƙare kafin a kai wurin."

"Madalla. Malamin nawa ke nan."

Ya nuna mata yadda za ta ja sandar baya ta wurgo gaba. Hermelinda ta gyara tsayuwa, ta cije leɓe, ta wurga da ƙarfin da take faskare. Zaren ya tashi sama ya naɗe a reshen bishiyar turaren da ke bayansu. Suka ɗaga kai su biyu suna kallon tanar tana lilo.

"Ba laifi," in ji Kléber. "In Baturen ya tambaya sai ki ce tsuntsaye kike kamawa."

"Hau ka ciro. Ai ka yi kama da masu zama a can."

Ya hau, ya kwance, ya sauko da ganye a gashi. Wurgi na biyu bai kai ko'ina ba, don yana juya baya zai ajiye gwangwani ya ji an fizge shi ta wando. Hermelinda ta riƙe sandar da hannu biyu tana naɗe zare.

"Na kama," in ji ta. "Babba ne. Sai dai irin wanda ba a ci."

"Kaka, saki. Wandon zuwa Guayaquil ne."

"Kifin ma yana magana. Dubi bakinsa. Wannan ko kyauta na kai kasuwa sai an dawo mini da shi, shi ya sa har yau ba macen da ta taya."

"Matan suna nan suna layi. Suna zuwa gaisuwa su gan ki, sai su ce ashe da aljana a gidan."

"Su ce dai sun ga kyan da ba za su iya gasa da shi ba."

A karo na uku ƙugiyar ta faɗa ruwa, a wani ɗan gurbi mai zurfi kusa da babban dutse. Suka zauna a kan ciyawa. Ruwa yana ta wucewa, ba abin da ya motsa. Hermelinda ta fara kaɗa ƙafa.

"Yanzu sai me?"

"Sai jira."

"Shi ke nan? Abin da Turawan ke sayen takalma su yi ke nan? Ai ni na fi kowa iya wannan, na zauna da kakanka."

"To tunda zaman banza muke, bari mu gwada ganawar. Ni ne Baturen." Ya zaro tabaran tuƙinsa ya maƙala, ya ɗaure fuska, ya shaƙe murya ta hanci. "Mai bi. Tsohuwa, matso. Me ya kawo ki?"

"Motar jikana, da kyar."

"Me za ki je yi a ƙasarmu?"

"In ga ko akwai wanda ya fi ka muni."

"An hana. Mai bi."

"Kai dai ko a wasa ba ka da alheri."

"Kaka, yi da gaske mana. In kika je kika yi musu wannan bakin, har ni sai sun kama." Ya cire tabaran. Wannan karon bai shaƙe murya ba, ya dai sauke ta, ya yi magana a sanyaye ba dariya ba fushi, yadda ya ji an yi masa a can lokacin da shi ma ya je neman biza. "Ina kwana. Sunanki?"

Hermelinda ta dube shi. Ta buɗe baki.

"Hermelinda… Hermelinda…"

"Sunan mahaifi?"

Sunan da ta yi ta amsawa tun tana 'yar makaranta ya ɓace mata fat.

"Guamán," Kléber ya faɗa a hankali. "Sunan naki ne, ba na aro ba."

"Na sani, ɗan nema. Gwada ka nake in ga ko ka san asalinka." Ta gyara malafa ta kau da kai. Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Kai da ka je, me ka ce musu har suka ƙi ka?"

Shekarun baya Kléber ya taɓa neman bizar. Ya sayi sabuwar riga, ya yi aski, ya tafi Guayaquil, ya dawo bai yi wa kowa magana ba har kwana biyu. Tun daga nan ba su taɓa zancen ba sai da wasa.

"Ban ce komai ba, ai ba su bar ni na ce ba. Kana da mata? Babu. 'Ya'ya? Babu. Gida? Na kakata. Wa kake da shi a can? Uwata. Ban gama gyaran murya ba aka ce in ba na baya wuri."

"Ka gani. Da ka yi aure."

"Da na ce musu ina da tsohuwar mata a gida, wadda in na yi nisa ba mai jure mata."

"Da sun ba ka don tausayi, su ce gudu ka tsira."

Suka yi dariya kaɗan, dariyar ta mutu da kanta. Hermelinda ta ɗora sandar a gwiwa.

"Kléber, in suka ƙi ni, shi ke nan fa. Uwarka in ta fito ba ta da tabbacin komawa, ga ƙannenka ƙanana a can. Kai in an ƙi ka bana, kana da baɗi. Ni baɗin nawa ba a hannuna yake ba. Yarinyar nan da kitso biyu ta bar gidan nan, ranar nan a waya na hango furfura a goshinta. Furfura, a kan 'yar da na goya, kuma ban taɓa sa hannu na taɓa ba." Ta ja hanci. "In kuma suka ba ni, in je in rungume ta kana nan kana jan mota. Uwar taka ce fa. Ko wanne aka yi, abincin ba ya wuce mini nan."

Ta nuna maƙogwaro. Kléber ya tsinki ciyawa ya sa a baki yana taunawa, ya daɗe yana kallon ƙetaren rafin.

"In kin je ki rungume ta sau biyu," in ji shi. "Ɗaya nawa. Amma nawan kada ki matse, ƙasusuwanki tsini gare su, kada ta ce ni na soke ta."

"Ja'iri."

"Kuma ba za su ƙi ki ba. Wa zai dubi fuskar nan ya yi tsammanin za ki zauna musu? Su da kansu za su rako ki filin jirgi da kiɗa."

Ta ɗaga hannu za ta kai masa duka, sai sandar ta zame daga gwiwarta ta nufi ruwa. Ta cafke ta. Zaren ya miƙe, kan sandar ya lanƙwashe.

"Kléber. Wani abu yana ja na."

"Kifi ne. Naɗe, Kaka, naɗe."

"Ta ina ake naɗewa? Kai, zai tafi da ni. Riƙe ni. A'a, riƙe shi. Shiga ka kamo shi mana, kana tsaye kamar turke!"

"Ruwan fa ƙanƙara ne."

"Shiga, ko in tura ka."

Ya tuɓe takalmi ɗaya, bai samu tuɓe ɗayan ba ya taka dutse mai santsi. Sai ji kake tsulum. Ya taso yana haki, ruwa har ƙirji, igiyar ruwa ta tafi da tabaran da ke aljihunsa. Hermelinda kuwa ta manta da ƙwarƙwaron gaba ɗaya, ta juya baya ta saɓa sandar a kafaɗa ta yi ta tafiya tudu kamar mai jan akuya, har kifin ya fito kan ciyawa yana tsalle.

Kléber ya fito yana kakkarwa, ya tsaya a kansa. Kifin bai wuce tsawon tafin hannu ba.

"Wannan ne zai tafi da ke?"

"Ya motse ne da ya sha iska. A cikin ruwa ya kai cinyata."

"Kaka, uwarsa tana can tana nemansa. Ko yaye shi ba a yi ba."

"Baƙin ciki ne ke cin ka. Ni na kama kifi, kai kifi ya kama ka." Ta ɗaga shi ta wutsiya tana jujjuyawa, fuskarta kamar ta yarinyar da aka yi wa sabon takalmi. "Yanzu na'urar tasu ta kawo ja in gani."

Da suka koma gida ta hura wuta, ta soya kifin da albasa, ta ɗumama masarar da ta kwana, ta yanko cuku. Kléber yana zaune bakin murhu cikin bargon tanti, yana kallo ta cinye kifin tas, ta bi da masara kwano guda, ta ƙara. Kan kifin ta tura masa.

"Ungo ladan wanka."

Bai yi gardama ba. Ganin ta tana suɗe yatsa ya fi masa kifin.

Ranar Talata Guayaquil ta karɓe su da zafin da ke narkar da mutumin tudu. Hermelinda ta ƙi rabuwa da mayafin ulu, wai ba za ta je gaban hukuma kamar wadda aka tsamo daga wanka ba. A ƙofar ofishin jakadancin aka ce mai ganawa kaɗai ke shiga, ba waya, ba jaka. Ta miƙa wa Kléber kayanta, ta yi alamar gicciye, ta bi layi ba ta waiwayo ba. Shi kuwa ya tsallaka titi ya raɓe a inuwar wata rumfa tare da sauran masu jira, kowa idonsa a ƙofa. Yana ganin masu fitowa, tun daga tafiyarsu yake gane abin da aka ce musu.

Can sai ga ta ta fito. Malafar ta karkace, bakinta a ɗaure, tana taka ƙasa kamar da ita take faɗa.

"Mu tafi gida," in ji ta.

"Kaka, me suka ce?"

"Na ce mu tafi. Ba su ba ni ba. Kuma don wulaƙanci har fasfon suka ƙwace."

Kléber ya tsaya cak.

"Suka me?"

"Ƙwacewa. Ashe ma ba namiji ba ne, wata 'yar yarinya ce mai jan gashi, da harshenmu a bakinta kamar a Azogues aka haife ta. Ta ce wa za ki gani, na ce 'yata. Ta ce wa kika bari a gida, na ce kaji, da ɓerayen Masar, da gonar masara, da wani ƙaton jika da ko ruwan zafi bai iya dafawa ba. Ta yi murmushi ta hau danne-danne. Na jira ta tambaye ni kifin, shiru. Na ce ni kuwa ban sha wahalar banza ba, na fara ba ta labari da kaina."

"Kika ba ta labarin kifi."

"Tun daga tanar. Ina cikin nuna mata girmansa da hannu, sai ta jefa fasfona cikin wani kwando a bayanta, ta turo mini 'yar takarda, ta kira na baya. Ko kunyar furfurata ba ta ji ba."

"Kafin ta jefa, ba ta ce komai ba?"

"Ta ce wai an amince. Na ce ai dole ki amince, da idona na gan shi, ya kai cinyata."

Kléber ya dube ta. Leɓensa ya fara rawa. Ya nemi daurewa abin ya fi ƙarfinsa, ya durƙushe a bakin titi ya riƙe ciki, dariya har da hawaye. Masu jira a rumfar, da suka ji komai, suka kama tasu. Hermelinda ta cire malafa ta shiga jibgarsa da ita.

"An hana ni ganin 'yata kana dariya? Ɗan banza mara imani. Nonon akuyar da na ba ka ya tashi a banza."

"Kaka, tsaya," ya faɗa da kyar yana kare kai. "Ba da kifin ta amince ba. Da ke ta amince. Wanda aka ba shi ne ake riƙe fasfonsa, a buga bizar a ciki a aiko masa. Ni da suka ƙi ni, nan take suka turo mini nawa ta ƙasan gilashi."

Hannunta ya tsaya a sama.

"Kada ka yi mini wasa da wannan, Kléber."

"Da wannan ba na wasa."

Wata mata a rumfar ta karɓi 'yar takardar ta duba, ta gyaɗa kai. "Gaskiyarsa ne, Mama. Kin samu. Allah ya sa mu ma a dace."

Hermelinda ta dubi matar, ta dubi takardar, ta dubi ƙofar da ta fito. Sannan ta zauna a bakin titin kusa da jikanta, a hankali, kamar wadda aka sauke wa buhu. Ta ja gefen mayafin ta rufe fuska. Kafaɗunta suka ɗan motsa. Kléber ya bar ta, ya kau da kai yana kallon motoci.

"Zafin garin nan ne," in ji ta daga cikin mayafin. "Har ido yake sa wa gumi."

"Na sani. Ni ma ya kama ni."

Ta sauke mayafin, ta fyace hanci, sai kuma dariya ta kuɓuce mata, irin wadda rabon da ya ji ta tun kafin a sa ranar.

"Wai ni na tsaya ina gardamar kifi da baiwar Allah, ita tana ba ni Amurka. To, na sallama. Yau ɗaya dai wannan ƙaton kan naka ya yi amfani." Ta ɗaga hannu ta yafito mai kwakwa da ke tura kurarsa. "Sare masa babba, mai sanyi. Wadda ta yi kama da kansa."

Kléber ya karɓi kwakwar da hannu ɗaya, ya zaro waya da ɗayan, ya lalubo lambar uwarsa ya miƙa mata.

"Kira ta. Na san tana can ta kasa zaune ta kasa tsaye."

Hermelinda ta karɓi wayar, ta dubi idanunsa da suka yi ja, ta kifa ta a cinya.

"Shanye tukuna, muryarka ta dawo daidai," in ji ta. "Kada ta ji tana rawa ta ce duk shekarun nan ban iya renon namiji ba."

Ya yi dariya, ya kafa kai ya sha.